Faiba, filawud ko kwale-kwale: wane tsohon jirgin ƙyalle ya cancanci kuɗinka a Lagdo da Maga?

Mai son ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da ƙyalle a wannan yanki namu, daga Garwa zuwa Marwa har Njamena, ba shi da kantin da zai shiga ya ce a ba shi sabo. Tsoho ne ke faɗowa hannu. Wani ya yi shekara da shekaru a kife bayan wani masaukin baƙi, wani Turawan kwangila ne suka tafi suka bar shi a harabar ma'aikata, wani kuma sai an aika Duwala ko Kiribi ko Legas an ɗauko. In ka tattara su, iri uku ne: na faiba, na filawud, sai kwale-kwalenmu na katako da za a kafa wa jigo, wato doguwar sandar da ke tsaye a cikin jirgi, a ɗaura masa ƙyalle. Kowanne yana gyaruwa. Abin tambaya shi ne wanne zai gyaru a nan, da hannun mutanen nan, ya kuma zauna lafiya a ruwan nan.

Yawancin masu saye jikin jirgin suke fara dubawa, su shafa fenti, su ƙwanƙwasa gefe. Ni kuwa jikin nake bari ƙarshe, don shi ya fi sauƙin gyara a wurinmu. Kafinta muna da shi. Mai liƙin faiba ma ba ya gagara, tunda masu gyaran bambar mota da tankin ruwa sana'arsu ke nan. Abin da ba mu da shi guda huɗu ne: jigo da wayoyinsa, ƙyalle, allon sitiyari da ƙarafunan da ke riƙe shi a gindin jirgi, da allon tsakiya, wato faffaɗan allon nan da ake zurawa ta cikin jirgi ya leƙa ƙarƙashin ruwa. Jirgin da ya huje amma waɗannan huɗun suna nan ya fi mai sheƙin da aka ce maka "kayan suna wajen wane, za a nemo". Ba za a nemo ba. Jigon alminiyam ya daɗe da zama sandar eriya, ko an narkar da shi an yi tukunya, ƙyallen kuma yana can yana yi wa mai shayi inuwa.

Allon tsakiyar nan shi ne ya raba jirgin ƙyalle na gaske da jirgin da iska ke kora. Iska in ta bugi ƙyalle daga gefe, a kaikaice take tura jirgi. Allon ne ke cije ruwa ya hana shi zamewa, sai ƙarfin ya koma gaba. Da shi jirgi ke iya tunkarar iska a karkace, wajen digiri 45, ya yi dama ya yi hagu har ya isa inda take fitowa. In babu shi, inda iska ta nufa can za ka, dawowa kuwa sai filafili ko gora. Iri biyu ne kuma, bambancinsu yana da muhimmanci a ruwanmu. Akwai wanda ake zurawa tsaye daga sama, akwai mai ƙusa ɗaya da yake juyawa a kanta. Mai juyawar in ya daki yashi ko kututture sai ya lanƙwashe baya ya shige akwatinsa. Na tsayen ba ya da inda zai kauce, ko shi ya karye ko ya tsaga akwatin, tsagewar akwati kuwa ita ce yoyon da ya fi kowanne wahalar toshewa.

Na faiba

Da yake Faransanci ne ya haɗa mu da masu kawo su, wanda aka fi sa ran gani shi ne 420, wanda Christian Maury ya zana a 1959, kamfanin Lanaverre na yankin Bordo ya fara ƙerawa. Tsawonsa mita 4.20, jikinsa kilo 80, na mutum biyu, allonsa mai juyawa. Ɗan'uwansa 470, wanda ya fi shi girma, na André Cornu ne, 1963, yana cikin wasannin Olimfik tun 1976, igiyoyinsa sun yi wa mai koyo yawa. Sai Laser na Bruce Kirby ɗan Kanada, da ya shiga kasuwa a 1971: mutum ɗaya, ƙyalle ɗaya mai murabba'in mita 7, jiki wajen kilo 59, an ƙera fiye da 200,000. Daga ɓangaren Najeriya akan ci karo da Sunfish na Amurka, da Hobie 16 mai jiki biyu wanda ba shi da allon tsakiya sam, siffar jikinsa ce ke cije ruwa a madadinsa.

Alherin faiba ba ɓoyayye ba ne. Gara ba ta cin sa, ruwan sama ba ya ruɓar da shi, hunturu ba ya tsaga shi. Rana takan ƙona fatarsa ta sama har in ka shafa farin gari ya biyo tafin hannunka, wannan kada ya tsorata ka, wanki da fenti ne maganinsa. Ciwon da ke kashe shi ba ya fitowa a ido. Ka kife jirgin, ka ɗora tafin hannu biyu a ƙasansa ka danna da nauyinka. Ka juyo shi, ka durƙusa a inda mutum ke zama. In wurin ya lotsa ya yi ƙarar ɓas-ɓas, faifan faibar sun rabu da juna ko da soson da ke tsakaninsu. Lotsawa mai faɗin tafin hannu tana gyaruwa. Wadda ta cinye rabin jirgi, ka yi sallama ka kama gabanka.

Sannan ku ɗaga shi. Laser ko Sunfish mai lafiya mutum biyu suna ɗaukarsa ba nishi. In ku huɗu kuna haki, ruwa ne ya shiga ya zauna a ciki, Sunfish ma ya yi suna wajen wannan saboda soson da ke cikinsa yana sha. A zafinmu yana bushewa in aka yanka masa ƙofa aka bar shi a inuwa wata da watanni, amma a rage maka kuɗi. Gwajin yoyo kuwa da sabulu ake yi: ka shafa kumfa a duk mahaɗa, wani ya hura iska da baki ko da famfon keke ta ramin zubar da ruwa, inda kumfa ta kumbura nan ɓarakar take. Kada a kusanto da injin ba taya iska, fasa jirgin zai yi. Laser yana da nasa gwajin daban. Ramin da jigonsa ke zama ka cika shi da ruwa, ka je ka sha shayi ka dawo. In ruwan ya ragu, gindin ramin ya tsage, ranar da iska ta yi ƙarfi jigon zai ɓalle ya yage saman jirgin.

Liƙin faiba ba wuya, zafin gari ne matsalar. Rezin ɗin foliyesta, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa yadin faiba da shi, ana ɗiga masa maganin daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A Maris ko Afrilu, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40, in ka kwaɓa cikin gwangwani da tsakar rana, kafin ka gama jiƙa yadin farko ya yi ɗumi, ya yi kauri, ya zama dutse a hannunka. Aikin asuba ne, a inuwa, kaɗan-kaɗan, cikin faranti mai faɗi. A goge bakin ramin ya kwanta sosai, faɗin gangaren ya ninka kaurin faibar sau goma sha biyu, a share da sinadarin wanke maiƙo da ake kira asiton, a jera yadin faifai-faifai, a danne kumfar iska da buroshi. Maganin daskarwar yana makantarwa in ya faɗa ido, a sa tabarau. Rezin kuma ba ya ajiyuwa, wanda ya shekara a shago cikin zafi ya riga ya mutu, ka gwada cokali ɗaya kafin ka biya kuɗin galan.

To, ga inda nake rabuwa da masu yabon waɗannan jirage. 420 da Laser na tsere ne. An ƙera su da sanin za su kife, matuƙi ya faɗa ruwa, ya taka allon tsakiya ya tayar da jirginsa ya ci gaba. A makarantun tuƙi na Faransa darasi ne da ake koya wa yara suna dariya. A tafkin Maga dorina ce a ruwan. A tafkin Lagdo da kogin Binuwai ma haka, ga kada, ga tsargiya a bakin gaɓa inda ciyawa take, ga ragar masunta da za ta iya naɗe ƙafar mai iyo. Babu kuma jirgin ceto da ke biye da kai. Kifewa a nan ba wasa ba ce, don haka duk jirgin da daɗinsa yake a bakin kifewa na rage masa maki, kome kyansa. Mai Laser yana da mafita ɗaya: jikin guda ne, amma akwai ƙananan ƙyallaye biyu da ake sa masa, mai murabba'in mita 5.7 da mai 4.7, kowanne da guntun jigonsa na ƙasa.

Na filawud

Nan zuciyar masu son tsofaffin jirage take, ni ma ban tsira ba. Jean-Jacques Herbulot ya zana Vaurien a 1951 don makarantar tuƙi ta Glénans, da nufin talaka ma ya samu ya hau ruwa, har ana cewa kuɗinsa bai wuce na kekuna biyu ba. Mita 4.08 ne, ƙasansa kusan a shimfiɗe, allonsa na tsaye. Shi dai Herbulot ɗin ne ya zana Caravelle a farkon shekarun 1950, mita 4.60 da faɗin 1.80, gabansa a datse ba tsini, mai nauyi, mai haƙuri, yana ɗaukar malami da ɗalibai huɗu ko biyar. Ingila kuma ta fitar da Mirror a 1963, aikin Jack Holt da Barry Bucknell, mita 3.30, mai jan ƙyalle, wanda ake ɗinke faifansa da wayar tagulla sannan a liƙe mahaɗar da faiba. An yi fiye da 70,000, da yawansu mutane ne suka harhaɗa a gidajensu. Na yara shi ne Optimist na Clark Mills, 1947, mita 2.30.

Duk irin waɗanda mai zarto da guduma zai iya yi ne, wannan shi ne ƙarfinsu. Rauninsu kuwa yanayinmu ne gaba ɗaya. Kaurin filawud ɗin milimita 5 ko 6 ne kacal. Damina ta jiƙa shi, hunturu ya busar da shi ƙayau, tsohon gam ɗin ya gaji ya saki. Ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri ruɓar da katako, mu kuwa ruwan daɗi kaɗai gare mu. In aka ajiye shi a ƙasa wata biyu, gara ta yi sallama.

Na taɓa tsayawa kan wani dattijo maƙerin jirage a bakin ruwa, an kawo masa irin wannan a bayan akori-kura, fentinsa shuɗi, a ido lafiya lau. Bai ko kalli fentin ba. Ya zaro sukundireba daga aljihu ya bi kusurwoyi: gindin akwatin allon tsakiya, ƙarƙashin inda jigo ke zama, mahaɗar gefe da ƙasa, allon baya. A wurare uku bakin ƙarfen ya shige ba tare da ya matsa ba, ya fito da baƙin gari mai laima. Mai jirgin ya ce, "Baba, zai gyaru kuwa?" Tsohon ya sa farce ya ɗago faifan katakon, suka rabu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗana, gyara dai a'a. Amma kada ka yar. Kawo min shi in kwance, in ɗora kowane yanki a kan sabon katako in zana. Ƙarafunan nan da sandar nan su ne jirgin, sauran itace ne."

Hukuncin da na fi yarda da shi ke nan game da tsohon filawud a ƙasar nan. Wanda ruɓarsa ba ta wuce wuri ɗaya ko biyu ba, a yanke a sa faci, a fere bakin tsoho da sabo su hau juna. Wanda ya wuce haka ma'auni ne, a saye shi da kuɗin ma'auni. Sai dai sabon katakon shi ne tarko. Filawud ɗin kasuwa, wanda ake silin da bayan kabad da shi, gam ɗinsa ba ya jure ruwa, cikinsa kuma ramuka ne. Na jirgi daban yake, galibi na itacen okume na Gabon, mai hatimin BS 1088, sai an yi odarsa daga kudu. Hatimi ma ana buga na ƙarya, don haka ka yanki guntu ka tafasa shi awa biyu, ka shanya a rana, ka sake tafasawa. In bai rabu ba, saya. Gam ɗin kuma ifoksi ne, ba farin gam na kafinta ba, ba kuma foliyesta ba, don foliyesta ba ya kama katako da kyau, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya ɓare ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa. Ifoksi yana da tsada, rana tana cin sa, dole a rufe shi da fenti, farin fenti ya fi. Ƙusa da sukuru na tagulla ko inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙusar baƙin ƙarfe tsatsa za ta yi ta baƙanta katakon da ke kewaye da ita.

In ka haɗa lissafi, filawud ya fi faiba cin kuɗi da lokaci, kuma aikinsa ba ya ƙarewa: rumfa, gammon tayoyi ko benci don kada ya taɓa ƙasa, fenti duk shekara. Abin da yake ba ka a madadin haka shi ne jirgi marar nauyi, mai natsuwa, wanda kowane yanki nasa kafintan unguwa zai iya sakewa.

Kwale-kwale da ƙyalle

Wannan ba sai an aika kudu ba. A kowace babbar tashar masunta akwai masu ƙera shi da gyara shi, da jan katako ko fari da ake kawowa daga dazukan kudu, a toshe mahaɗa da tsumma da kwalta. Gwanintar mutanen ruwan nan ba ta yau ba ce: a 1969 da Thor Heyerdahl ɗan Norwe ya tashi ƙera jirgin ciyawarsa Ra don ratsa Tekun Atilantika, daga Bol ya ɗauki Budumawan da suka ɗaure masa shi. Tsohon kwale-kwale yana da araha, yana ɗaukar kaya da mutane, yana hawa yashi ba ya kuka, in ka gaji da shi akwai mai saye gobe. Ba ko ɗaya cikin na Turawan nan da za a faɗi haka a kansa. Yoyo kuwa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kwarfa tana cikin tuƙin, kuma barinsa a tudu ya bushe shi ke buɗe mahaɗarsa, a ruwa yake son zama.

Amma a yi gaskiya, ba don ƙyalle aka ƙera shi ba. Dogo ne siriri, mai nauyi, ƙasansa a shimfiɗe. Ƙyallen buhu da akan ɗaga in iska ta biyo baya yana rage wahalar filafili, yana rage kuɗin zuwa-zuwa, wato man fetur, ga mai inji, iyakarsa ke nan. Ana iya ƙara masa basira da abu uku. Na farko allon gefe: maimakon a huda cikin jirgi, sai a rataya faffaɗan allo a kowane gefe a kan ƙusa ɗaya, a saukar da na ɓangaren da iska ke turawa, yadda masu jiragen ruwa marar zurfi na Holan suka daɗe suna yi. Na biyu sitiyari na gaske a baya. Na uku gajeren jigo na itacen turare ko gora mai kauri, a kafa shi cikin benci mai ƙarfi, gindinsa a cikin katakon da aka ɗaure a ƙasa, da ƙyalle gajere mai faɗi, kada ya wuce murabba'in mita 5 ko 6 a farko. Dogon jigo a siririn jirgi neman kifewa ne. Da waɗannan zai ratsa iska a gicciye da kyau, ya ɗan tunkare ta kaɗan, amma ba zai taɓa juyawa da sauri irin na Vaurien ba. A ɗaure jarkoki marasa kome a ƙarƙashin benci, kowace mai lita 20 tana ɗaga kilo 20.

Ƙyalle shi ne abin da rana ta fi saurin kashewa a duka ukun. Na Turawa yadin Dacron ne. Ka kama shi kusa da ɗinki ka ja da yatsa biyu, ka karci zaren da farce. In zaren ne ya mutu, mai ɗinkin tampol zai bi sawun da zaren foliyesta. In yadin ne ya yage, ya zama ma'auni shi ma, a warware shi a yanka sabo a kansa, don ƙyalle ba shimfiɗaɗɗen zane ba ne, yana da ciki, cikin kuwa a lanƙwasar gefen kowane yanki yake. Farin tampol mai kauri yana yin shekara ɗaya zuwa biyu. Jigon alminiyam da ya karye kada a kai wa mai walda, wuta tana kashe ƙarfinsa a daidai wurin, bututu ake zura masa a ciki a buga ribit. A nan Sunfish ya yi wa sauran fintinkau: jigonsa gajere ne, ba waya ko ɗaya, ƙyallensa mai kusurwa uku a ɗaure tsakanin sanduna biyu, duk ana iya kwaikwayonsu a gida.

Ruwan da za ka shiga shi ma yana da ta cewa. Lagdo, da aka gama madatsarsa a 1982 da taimakon ƙasar Sin, ya kusa murabba'in kilomita 600, yana da fili da zurfi, yana kuma tayar da igiyar ruwa in iska ta daɗe tana bugawa. Maga, na 1979, da aka tare don shinkafar kamfanin noma na SEMRY, ba zurfi, ga ciyawa, allo mai juyawa ko na gefe ne nasa. Tafkin Lere na Chadi ya dace da ƙaramin jirgi. Binuwai da Lagon da Shari yashi ne da rani, ƙarfin ruwa da damina. Tafkin Chadi kuwa, da halin tsaron da ake ciki, ba wurin yawon shan iska ba ne. Lokacin tuƙi hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas tana zuwa da safe a tsaye, sai dai hazo yakan ɓoye gaɓa. Daga bazara zuwa damina hadari daga gabas yake tasowa, iskarsa tana riga ruwansa isowa. Da ka ga gabas ta yi baƙi, sauke ƙyalle tun kana iyawa.

Gano sunan jirgi da tarihinsa

Mai sayarwa sau da yawa bai san abin da yake sayarwa ba, kai ma ba za ka iya neman ma'aunin abin da ya ɓace ba sai ka san sunan. Fara da tef: tsawo da faɗi, daidai santimita. Sai alamar da ke saman ƙyalle. 420 da 470 lambar ce a rubuce, Sunfish kifi ne, Laser tauraro mai dogon haske, jan ƙyalle Mirror ne, shuɗi kuma galibi wani irin ne da ake kira Enterprise. Lambar da ke ƙasan alamar ita ce ta jirgin, ƙungiyoyin masu irinsa suna iya kimanta shekararsa da ita, amma ƙyalle yakan yi yawo daga jirgi zuwa jirgi, don haka ka nemi ta jikin. Duba ɗan farantin maƙeri a cikin jirgi ko a akwatin allo. Na Amurka tun daga Nuwamba 1972 suna da lamba mai harufa da alƙaluma 12 a allon baya ta hannun dama, ukun farko na kamfani, na ƙarshe suna nuna shekara. In fenti ya rufe ta, ɗora takarda ka goga fensir.

Da suna a hannu, sauran mai sauƙi ne. Kowane irin nan yana da ƙungiya, dokokin ma'auninsa suna intanet kyauta, a ciki za ka ga tsawon jigo, girman ƙyalle, da siffar allon tsakiya da na sitiyari, abin da kafinta yake bukata ke nan. Shafin sailboatdata yana da zane da ma'aunin dubban jirage. Da Faransanci ka rubuta dériveur, wato jirgin ƙyalle mai allon tsakiya, da sunan jirgin, ka ƙara jauge in ma'auni kake so. In sunan ya gagara, ɗauki hoto huɗu, gaba, baya, gefe da ciki, ka aika wa masu irin waɗannan jirage a Facebook tare da tsawo da faɗi. Tsofaffin matuƙa suna jin daɗin irin wannan tambaya, balle su ji daga Lagdo take.

Ɗauko jirgi daga nesa tsohuwar wahala ce. A 1851 Adolf Overweg, Bajamushe abokin tafiyar Heinrich Barth (shi Barth ɗin aka sani da Abdulkarim), ya shiga Tafkin Chadi da jirgin da aka ƙera a Malta aka ratso Sahara da shi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma. Yau jirgin ƙasa ne zuwa Ngaundare, sannan mota ta gangara dutse zuwa Garwa. Jikin yakan iso lafiya in an kife shi a kan tayoyi. Jigo mai mita shida shi ke isowa a lanƙwashe, saboda wani ya ɗora masa buhu. A ɗaure shi a jikin dogon katako. Ka karɓi takardar ciniki da shaidu, saboda duwan, wato kwastan, da jandarma a hanya, in ka iso kuma ka gai da sarkin ruwa kafin ka jiƙa jirgin. Shi zai gaya maka inda raga take da inda dorina ke kwana.

Wanne ke nan? Mai son ya fita da iyali ko abokai ya sha iska, Caravelle nake ba shi in ya samu, na faiba ko na katako, don an yi duka biyun. Nauyinsa ne aibinsa, sai an yi masa keken ja, amma shi ya fi wuyar kifewa. Mai son koyon tuƙi shi kaɗai, Sunfish mai busasshen ciki, ko Vaurien ko Mirror in yana da rumfa da haƙurin fenti. 420 sai ga wanda ya iya iyo sosai, yana da abokin tuƙi, zai kuma rage ƙyalle. Laser da 470 da Hobie 16 ba na mai farawa ba ne a ruwan da ba mai ceto. Wanda kuma jirgin zai yi masa aiki, ya kai shi gona a tsibiri ko ya ɗauko kifi, kada ya ɓata kuɗinsa kan ko ɗaya daga cikinsu, kwale-kwale da allon gefe ya ishe shi. Kowa dai da rigar hana nitsewa a jikinsa, ba a ƙarƙashin benci ba.

Akwai ciniki na huɗu da mutane ke rainawa. In aka nuna maka ruɓaɓɓen Vaurien ko fasasshen 420 da ba ya gyaruwa, amma jigonsa a miƙe, ƙarafunan sitiyarinsa da 'yan gare-garen igiyarsa suna nan, ka taya kayan kaɗai. Na Vaurien a sake masa jiki a kan ma'auninsa. Na 420 kuwa, sitiyarin da ƙaramin ƙyallen gaba da igiyoyin duk suna hawa kwale-kwale, a bar dogon jigon a ajiye har ranar da wani jikin marar kaya zai ɓullo.